Daga Bakin Gareji: Kun ƙara wa mota ƙafa, birkin fa?

 

Tun da damina ta kankama saƙonni ke shigo mini a kan magana guda, kowa da irin rigar da ya sa mata. Wani Alhaji a Zongon Faraku, mai sayen ƙwarar kaɗanya da waken suya a ƙauyukan da ke bayan Beteru, ya ce ya ɗaga Hilux ɗinsa ya sa mata manyan tayoyi masu haƙora. Yanzu ba ta kafewa a taɓo, amma in ya taka birki ji yake kamar roƙonta yake yi. Bakanikensa ya ce a sayo birkin gaba na Prado a ɗaura, shi ne yake tambaya ko ya biya. Wata Hajiya kuma daga Jugu, ba ita ke tuƙi ba, maigidanta ne. Ta ce tun da aka canza tayoyi take jin ƙauri duk lokacin da suka gangara daga Natitingu zuwa Tangiyeta, ga yara uku a kujerar baya. In ta yi magana sai ya ce mata sabuwar taya ce ke wari.

Hajiya, ba taya ba ce. Birki ne ke toyewa, kuma hancinki ya fi agogon motar gaskiya.

Ni ba na cikin masu zagin babbar taya. Wanda ya taɓa bin hanyar burji daga Jugu zuwa ƙauyukan Kolokonde ko Fartago a watan Agusta, bayan manyan motoci sun yanka hanyar sun bar kwari biyu da tudu a tsakiya, ya san abin da ake nema. In cikin mota ya hau tudun nan, to kwana ya kama ka, da kai da kayan mutane. Sai dai ina so mu san nawa muke saya, nawa kuma muke biya, kamar yadda za mu yi a Arzeke in an kawo mana buhu ba mu ga awo ba.

Lambobin da ke jikin taya ba ado ba ne. A ɗauki 285/75R16, wadda yawanci ita ake nufi in an ce taya 33. Lambar farko faɗinta ne, milimita 285. Ta biyu tsayin gefenta, kashi 75 cikin ɗari na faɗin. Ta ƙarshe girman rim, wanda kanikawan nan ke ce wa janti, inci 16. In aka haɗa, tsayin tayar daga ƙasa zuwa sama ya kai milimita 834. Ita kuwa 205R16 da Hilux da yawa ke fitowa da ita daga kamfani, wajen milimita 735 take. Bambancin santimita 10 ke nan, amma rabinsa kaɗai ke ɗaga mota, tunda rabin taya ne ke ƙarƙashin aksil. Wato abin da ka saya santimita 5 ne, bai kai tsayin ɗan yatsa ba. Wanda motarsa ta zo da 265/65R17 ma abin da ya samu bai cika santimita 3 ba. Ragowar girman da kake gani, na ido ne.

To me ka biya? Kowa ya ga yadda mai faci ke yi in notin taya ya ƙi kwancewa: sai ya zura dogon bututu a hannun sifana, ya hau, noti ya saki. Ba ƙarfinsa ne ya ƙaru ba, hannun sifanar ne ya yi tsawo. Haka taya take ga birki. Birki yana riƙe ne kusa da tsakiya, a jikin faifai, ita kuwa hanya tana jan taya daga can baki. Duk tsawon da ka ƙara wa taya, hanya ka ba dogon bututu, birki kuwa yana nan da ɗan guntun hannunsa na da. Daga 735 zuwa 834 taya ta ƙaru da kusan kashi 14 cikin ɗari, don haka takun da kake yi da, yanzu ƙarfin tsayarwar da zai ba ka ya ragu da kusan kashi 12. Ba wai bakanike ya taɓa wani abu ba. Lissafi ne kawai, kuma ba ya jin lallashi.

Akwai na biyu, wanda ya fi ba ni tsoro domin ba a ganinsa. Agogon gudu ba ya auna hanya, juyawar taya yake ƙirgawa. Babbar taya kuwa kowane juyi ɗaya ta fi cin ƙasa. In agogo ya nuna 80, motar na iya kasancewa tana yin 90 ko ma da ɗoriya. Direba na ganin yana bin doka, har yana yi wa masu wuce shi tsaki. Shi kuma ƙarfin da birki zai kashe ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, ninkuwa yake yi: in gudu ya ninka biyu, aikin birki ya ninka huɗu. Wannan ƙarin kashi 14 na gudu yana zama kusan kashi 30 na ƙarin zafi a jikin faifai. A kan busasshiyar kwalta mai kyau, motar da ke yin 80 na bukatar wajen mita 36 kafin ta tsaya daga lokacin da birki ya kama. Mai yin 90 na bukatar wajen 45. A kan jar ƙasa mai tsakuwa ka kusa ninka su. Ka tuna ɗan zem da ke fitowa daga lungu a Faraku ba tare da ya waiga ba, ko garken shanu da ke tsallaka titin Jugu da magariba, sai ka san me mita 9 ke nufi. Mai waya a hannu zai iya gwadawa yau: a kunna taswira mai nuna gudu, wani ya riƙe, a kwatanta da agogon mota.

Sannan nauyi. Taya mai haƙora ta 33 na iya fin ta kamfani da kusan kilo 10, kowace ɗaya, kuma nauyi ne mai juyawa, sai birki ya kashe juyinsa kafin ya kashe tafiyar mota. A ƙara da ƙarfen gaba da ake walda wa mota don shanu, da kariya a sama, da jarkokin mai. A ƙara da abin da dukkanmu muka sani ba ma so a faɗa: Hilux an yi ta ne don ɗaukar abin da bai wuce tan ɗaya ba, har da mutanen da ke ciki, mu kuwa buhu 15 na masara muke ɗora mata mu ce ai ba ta ko durƙusa ba. Ba ta durƙusa ba ne don mun ƙara mata sifirin. Za mu dawo kan sifirin ɗin nan, domin shi ma da hannunsa a ciki.

Me ya sa gaba ake magana? Kakanninmu fatake da suka bi ta Jugu da jakuna suna neman goron Gwanja sun san cewa in jaki na gangara, mangala wuyansa take zamewa. Mota ma haka. Da ka taka birki nauyi ya koma gaba, shi ya sa birkin gaba ke yin kashi biyu cikin uku na aikin, wani lokaci fiye. Aikin nan kuwa ba wani abu ba ne illa mai da gudu zafi. Faifan ƙarfen shi ne tukunyar da ake zuba zafin, iska kuma ta kwashe. In zafin da ke shiga ya fi wanda ke fita, abu biyu ke faruwa. Ko dai takalmin birkin, wanda ake kira falaket a nan, fad a Kano, ya toye ya yi santsi: feda na da tauri amma mota ba ta tsayawa, ga ƙauri. Ko kuma man birki ya tafasa: feda ta tafi har ƙasa kamar ka taka soso. Na farkon yana ba ka gargaɗi. Na biyun sau da yawa ba ya sallama.

To Alhaji, ka biya ko kar ka biya? Ni dai cewa zan yi ka riƙe kuɗinka tukuna, har a tabbatar birkin da ke jikin motar yana ba da duk abin da yake da shi. A cikin motocin da nake gani, da wuya ka sami wadda birkinta na kamfani ke aiki cikakke. Mutum zai ɗaura sabon birki mai tsada a kan tsohuwar cuta, ya ce kayan jabu aka sayar masa.

A fara da man birki, don shi ne mafi araha kuma shi aka fi wulaƙantawa. Man nan yana shan ruwa daga iska, ko motar na ajiye. Sabon DOT 3 sai ya kai digiri 205 yake tafasa, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 140. DOT 4 yana farawa daga 230 ya sauko wajen 155. Ka ga tsohon mai ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku na juriyarsa, kuma ba abin da za ka ji a cikin gari, sai ranar da ka hau dutse da kaya. Ƙa'ida ita ce a zubar da shi gaba ɗaya duk shekara biyu, ba a dinga ciko kawai ba. A irin daminar Borgu da Donga ni duk shekara nake so, kafin ruwa ya sauka. A sayi gwangwanin da ba a buɗe ba, a buɗe a gabanka. DOT 4 na shiga inda ake sa DOT 3, haka DOT 5.1, amma DOT 5 zalla wani jinsi ne daban, kar a haɗa. Masu zuba ruwan omo kuwa don su kai gari, Allah ya shirye su. In ma an taɓa yi wa motarka haka a daji, a wanke layin duka, a duba robobin ciki.

Daga nan a cire taya a dubi abin da ke matse faifan, kalifa a bakin kanikawan Najeriya, etiriye a bakin na Faraku. Na Hilux da Land Cruiser masu jan ƙafa huɗu yawanci fistin huɗu gare shi, biyu ciki biyu waje. Taɓo na shiga in robar da ke rufe su ta yage, tsatsa ta kama, fistin ɗaya ko biyu su daskare. Alamarsa ita ce falaket ɗaya ya cinye ɗaya na nan, ko mota ta riƙa ja gefe in an taka, ko bayan tafiya ka ji rim ɗaya ya fi ɗan'uwansa zafi. Rim za ka kusanta da bayan hannu fa, kar ka taɓa faifai. A auna kaurin faifan ma; akwai lambar iyakarsa a rubuce a jikinsa, in ya gaza ta, ya gama aiki. Faifan da aka yi ta kai wa masu lailaya har ya zama kamar faranti ba shi da naman da zai riƙe zafi.

Akwai gwajin da kowa zai iya yi a ƙofar gida. A kashe mota, a taka birki sau biyar ko shida har feda ta yi tauri, a riƙe ta a take, a tayar da inji. In feda ta ɗan nutsa ƙarƙashin ƙafa, tulun iskar da ke taimaka wa ƙafarka yana aiki. In ba ta motsa ba, to da ƙarfin cinyarka kaɗai kake tsayar da tan uku. A motocin dizal wani ɗan famfo ne ke zuƙe iskar, a tsofaffin Hilux yana bayan altaneta, kuma tiyonsa na tsagewa da tsufa.

Yanzu sifirin. Wannan ita ce maganar da ban cika jin kanikawa na yi ba, alhali ita ke cinye falaket ɗin gaba a motocin 'yan kasuwa. A Hilux da Land Cruiser da yawa, musamman tsofaffi da waɗanda ba su da na'urorin zamani, akwai wani bawul a jikin shasi ta baya, da ɗan dogon ƙarfe da ya haɗa shi da aksil. Aikinsa auna kaya. In mota ta durƙusa saboda lodi, sai ya buɗe wa birkin baya ƙarfi. In babu kaya ta miƙe, sai ya rage, don kar baya ya kulle mota ta juya. To kai ka ɗaga mota da santimita 5, ka ƙara ganyen sifirin biyu. Ko ka ɗora mata tan ɗaya, bawul ɗin gani yake motar wayam take, sai ya hana baya aiki. Gaba ya ɗauki nasa ya ɗauki na baya, ya toye. Gyaransa ba tsada: a ɗaga inda ƙarfen ke kama aksil daidai da yadda aka ɗaga motar, a saita. Wasu kanikawa cire bawul ɗin suke yi su haɗa layi kai tsaye. Kar ka yarda. Ranar da ka dawo babu kaya a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, bayan motar ne zai riga gabanta isa.

Sai a buɗe tamburan baya a wanke jar ƙasar da ta cika su, a saita takalman. A dubi tiyon birki na roba: motar da aka ɗaga, in taya ta faɗa rami ta sauka har ƙarshe, tiyon kamfani na iya miƙewa kamar tsirkiya. A sa mai tsawo. Tiyo mai saƙar ƙarfe da ake talla yana sa feda ta yi tauri, abu ne mai kyau, amma ba ya ƙara wa birki ƙarfi.

Falaket kuwa, araha ba ta ado. Akwai wanda kwalinsa ya fi abin da ke ciki tsada. Na kamfanin motar in an tabbatar na gaske ne, ko na sanannun masu yi irin su Akebono, Advics, Bendix, Ferodo ko Bosch, daga shagon da zai karɓa in ka mayar. Waɗanda aka yi wa kasuwar Turai za ka ga alamar 90R a bayan ƙarfen, shaidar sun ci gwajin da ake yi wa kayan canji a can, kodayake mai jabu ma ya iya buga lamba, don haka sanin mai shago ya fi sanin kwali. Mai ɗaukar kaya ya nemi irin mai ƙarfe-ƙarfe a ciki, wanda aka yi don lodi. Yana ƙura, wani lokaci yana ɗan ƙara, yana kuma cin faifai, amma yana jure wuta.

In an yi duk wannan motar na ɗauke da taya 33 da kaya tana hawa duwatsun Atakora, ko tana tsallaka Wake zuwa Kara ta bi gangaren Defale a Togo, to nan maganar bakaniken Alhaji ta zama gaskiya, kuma ina goyon bayanta. Hilux ɗin da muke kira Vigo mai jan ƙafa huɗu, na 2005 zuwa 2015, ya zo da faifan gaba iri biyu: mai milimita 297 da mai 319. Prado 120 da 150 kuwa suna da mai 338. Dukkansu noti shida ne, tazara ɗaya. Daga 297 zuwa 338 ƙarin kusan kashi 14 ne, wato kusan daidai abin da babbar taya ta ƙwace. Ga ƙarin nama a faifan da zai shanye zafi, ga falaket mai faɗi. Ba mu muka fara wannan dabara ba. A Amurka masu 4Runner na 1996 zuwa 2002 sun daɗe suna ɗaura birkin gaba na Tundra, a Ostareliya kuma masu Hilux na ɗaura na Prado. Hikimar ita ce a ɗauko daga gida ɗaya, daga yayan motar, don falaket ɗinsa na nan a kowane shago daga Kwatano har Ƙofar Ruwa, ba sai an yi odarsa daga waje ba.

Amma ga inda ƙaya take, kuma saboda ita na ce maganar birki ake fara yankewa kafin a sayi taya. Faifai mai 338 da kalifarsa ba sa shiga cikin rim 16, sai 17. Wanda ya riga ya zuba kuɗi a kan 285/75R16 guda biyar, ko dai ya tsaya a 319, shi ma sai an gwada an ga rim ɗinsa ya ba da wuri, ko ya sayar da tayoyi da rim ya koma 285/70R17, wadda tsayinta kusan ɗaya ne. Asara ce da zama ɗaya da bakanike da ma'auni zai hana. Akwai masu gurza jikin kalifa da giranda don ta shiga, akwai masu cusa zoben ƙarfe mai arha a bayan rim don ya turo waje. Na farkon yana rage naman abin da ke riƙe da ranka, na biyun yana kashe boris, in kuma notinsa ya saki taya ce za ta wuce ka a hanya.

Kuma ba kowace shekara ce ke shiga kowace ba. Kaurin kusoshin da ke ɗaure kalifa ya bambanta tsakanin wasu samfura, bakin tiyo ma haka, farantin da ke kare faifai daga ƙura sau da yawa sai an canza ko an rage shi. Don haka a yi ciniki da mai kayan kwance a kan sharaɗin in bai zauna ba za a mayar, a gwada a jikin mota kafin kuɗi ya gama fita. Duk abin da sai an yi walda ko an faɗaɗa rami kafin ya zauna, ba naka ba ne. Kalifa ta kwance ba laifi, in an buɗe ta an sa sababbin robobi an duba fistin. Faifai kuwa sabo, biyu tare, hagu da dama, falaket ma haka. Mai ramuka-ramukan nan da samari ke so, a bar wa motocin birni. A hanyarmu taɓo ke cika ramukan ya zama kamar takardar yashi, kuma daga bakin ramin tsagewa ke farawa. Ƙaramin abu amma yana faruwa: kalifa na da ta hagu da ta dama. Ɗan bakin da ake fitar da iska ta nan dole ya kalli sama. In an juya su, ko kwana za a yi ana famfo iska ba za ta fita ba.

Sai masta, famfon da feda ke turawa. Kalifa mai manyan fistin ta fi shan mai. In mastar motarka ƙarama ce, feda za ta yi nisa kafin ta kama, sai ka ga ka kashe kuɗi birki ya ƙara laushi. Bakaniken kirki zai duba lambar mastar motar da aka ciro kayan, ya kwatanta da taka, ya gaya maka tun kafin a fara. In ka tambaye shi ya ce ai duk Toyota ɗaya ce, ka gode masa ka nemi wani.

Bayan an ɗaura, sabon falaket da sabon faifai sai sun saba da juna. A sami miƙaƙƙiyar hanya da ba kowa, a kai 60 a taka da ɗan ƙarfi zuwa 10 ba tare da an tsaya cak ba, kamar sau takwas ko goma, sannan a yi tafiyar 'yan mintuna ba a taɓa birki ba don ya huce. Kwanakin farko kar a yi lodi mai nauyi a hau dutse. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda zai kai iyali gida Sallah ya yi aikin nan da mako biyu a hannu, ba daren tashi ba.

Abin da babban birki ba zai ba ka ba, shi ma a faɗe shi. Ba birki ke kama ƙasa ba, taya ce. In birkinka na iya kulle taya, ko ya sa ABS ya fara karkarwa, to ka kai iyakar abin da hanya za ta bayar, ko faifan tirela ka ɗaura. Taya mai manyan haƙora sarauniya ce a taɓo, amma a jiƙaƙƙiyar kwalta tsakanin Faraku da Jugu ta fi tayar kamfani santsi, domin robar da ke taɓa ƙasa kaɗan ce. Abin da babban faifai ke saya maka shi ne taku na goma ya yi kama da na farko. Shi ya sa ga wanda kashi tara cikin goma na tafiyarsa kwalta ce, nakan ce ya dubi 235/85R16. Tsayinta milimita 806, kusan daidai da 7.50R16 da Land Cruiser ta daji ke sawa tun zamanin iyayenmu. Siririya ce, ba ta kai 285 nauyi ba, tana yanka taɓo ta taɓa ƙasa mai tauri, ba ta shan mai sosai, ta kuma ɗaga mota da santimita 3 da rabi. Ba ta da kwarjini a gaban masallacin Juma'a, na yarda. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

A kuma tuna da takarda. Mota na zuwa bizit wajen CNSR, kuma in hatsari ya faru, Allah ya kiyaye, mai inshora na iya tambayar abin da aka canza a jikinta. A ajiye rasit na kayan da aka saya, a tambayi kamfanin inshorar tun da wuri, a rubuce in da hali.

Hajiya, ga abin da za ki iya faɗa wa maigida ba tare da an yi rigima ba, in ma ya fi sauƙi ki miƙa masa wayar ya karanta da kansa, ki ce ni na ce. Babbar taya ba birki kaɗai take raunanawa ba, har da riƙon da inji ke yi wa mota a gangara, domin ta sa kowace giya ta yi tsawo. Gangaren da yake sauka da giya uku a da, yanzu giya biyu yake so, kuma tun daga sama ake sa ta, kafin mota ta ɗauki gudu. Mai otomatik ya ja ta zuwa 2 ko L. Kar a ɗora ƙafa a kan birki tun daga kan dutse har ƙasa. A taka da ƙarfi gudu ya ragu, a saki ya sha iska, a sake. Masu sakin giya a furi don tsimin mai kuwa, man da suke tsimi bai kai kofin shayi ba. In kin ji ƙaurin nan, a nemi wuri mai faɗi a tsaya, a sa giya a tokare taya da dutse, a ba shi minti 20 ko 30. Kar yaron mota ya kwara wa faifai ruwa don a yi sauri, ƙarfe mai zafi in ya sha ruwan sanyi lanƙwasa yake yi ko ya tsage. Haka in akwai rafi a gindin gangara, a ɗan jira kafin a shiga, in an fito kuma a tattaka birki a hankali har ya bushe.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu taɓa boris da ƙafafun sitiyari, su ma babbar taya ba ta bar su sun huta ba. Mai tambaya ya turo da samfurin motarsa, shekararta, da lambar da ke jikin tayar, don kar mu yi ta harbi a duhu.